Motar da Ta Shekara Uku Tana Tambayata “Mi?”

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Rabi ta turo mani fayil ɗina ta kan tebur da ɗan yatsa ɗaya ba, kamar mai gudun kada ya ɓata mata hannu. Wata Talata ce cikin watan Maris, ana zafi mai tsanani, a ofishin haraji na shiyyarmu. Ita ce jami'ar da ke duba takardun masu neman rangwamen harajin albashi. Na je da shirin in sa hannu in dawo gida da fara'a, sai na tarar ta bi littafina da jan biro tun daga shafin farko har na ƙarshe. Tunda ku sababbin ma'aikata ne, kuma wata mai zuwa za a fara ba ku alawus ɗin mota, bari in ba ku labarin daga tushe.

A lokacin ina jami'in fili mai daraja ta biyu a wani kamfanin maganin dabbobi da irin shuka. Ƙananan hukumomi uku ne a hannuna, Kankara da Faskari da Sabuwa, mazaunina kuma Kankara. Aikina in kai magani ga dillalanmu, in bi rugage in yi wa shanu da awaki allurar rigakafi, in nuna wa manoma yadda ake shuka sabon iri. Kamfani ba ya ba mu mota. Kowa da tasa yake aiki, sai a ƙara masa wani abu a kan albashi duk wata, shi ne alawus ɗin mota.

To, wannan alawus ana haɗa shi da albashi ne a cire haraji a kan jimillar, kamar dai kuɗi ne da suka shiga aljihunka. Alhali ni ba su kwana a aljihuna, gidan mai da garejin bakanike suke ƙarewa. Akantanmu ne ya faɗa mani cewa abin da ma'aikaci ya kashe a kan tafiyar aiki zalla ba riba ba ce, don haka yana iya neman a fitar da shi daga lissafin haraji, a mayar masa da abin da aka cire fiye da kima. Amma sai da hujja guda uku: littafin tafiya, rasit na mai, da wasiƙar kamfani mai tabbatar da cewa tafiye-tafiyen na aiki ne. Ya ƙara da cewa yawancin mutane ba su nema, saboda wahalar ta fi kuɗin. Na ce masa ni zan nema, ko nawa ne. Haƙƙina ne, kuma ni mutum ne mai naci, duk wanda ya yi aiki da ni ya sani.

Motata 'yar Kwatano ce, na saye ta a hannun wani dillali shekara biyu kafin in fara littafin tafiyar. Tun ranar farko na lura da wasu ƙananan haruffa biyu a gefen lambar mita, inda take ƙirga nisan da aka yi. An rubuta “mi”. Ga waɗanda ba 'yan nan ba, mu Katsinawa “mi” muke cewa inda Kanawa ke cewa “me”. Sai na mayar da abin wasa. Duk wanda ya shigo sai in nuna masa in ce, “Ka ga motar nan Bakatsiniya ce, kullum tana tambayata mi.” A yi dariya a wuce. Aibinta biyu ne a wurina. Na farko shan mai: in na kwatanta da na abokan aiki sai in ga tana sha kusan ninki ɗaya da rabi, na canza fulogi, na wanke tanki, ba abin da ya sauya. Na biyu kuma ba nata ba ne, na matata Hadiza ne, wadda kullum sai ta riƙe kujera tana cewa in rage gudu. In nuna mata allurar agogon gudu in ce, “Haba Hadiza, sittin fa nake kai!” Ta ce ita dai wannan sittin ɗin ba irin ta mutane ba ce.

Daga watan Janairu na fara littafin, na yi shekara guda cur ban tsallake rana ba. Kowane layi akwai kwanan wata, inda na tashi, inda na je, dalilin zuwa, lambar mita lokacin tashi da lambarta lokacin dawowa. Daga gida zuwa ofis ba ya shiga, don doka ba ta ɗauke shi tafiyar aiki ba. Ziyarar surukai ba ta shiga. Akwai ranar da na je Mabai duba gonar gwaji, na ratse zuwa wata ta'aziyya, sai da na tsaya a bakin mararraba na rubuta lamba, da na dawo na sake rubutawa na cire. Abokan aiki suna yi mani dariya, suna cewa Malam Bishir ko atishawa motarsa ta yi sai ya rubuta. Ban damu ba. Da shekara ta cika na haɗa komai, manajanmu Alhaji Mannir ya sa hannu a wasiƙar kamfani, na kai.

Shi ne na dawo bayan mako uku na tarar da jan biro.

Hajiya Rabi ba ta da hayaniya. Ta buɗe littafin, ta ajiye jadawalin nisan garuruwa da suke aiki da shi a gefensa, ta ce, “Malam Bishir, wa ya rubuta wannan?”

Na ce, “Ni, Hajiya, da hannuna.”

Ta ce, “Ka dubi nan. Daga Kankara zuwa rugar nan ta bayan Tafoki, zuwa da dawowa, ka sa hamsin. A wurinmu bai gaza tamanin ba. Ka dubi na Sabuwa. Ka dubi na Faskari. Babu layi ɗaya da ya kai. Na saba da masu ƙari, kullum ina kama su. Amma mai ragi ban taɓa gani ba sai kai.”

Na ce, “To ai ragi ni ya cuta, Hajiya, ba gwamnati ba.”

Ta girgiza kai. Ta ce wanda ya bi hanya da gaske ba ya rage mata nisa, mai zama a ɗaki yana kintace ne yake yin haka. Sannan ta jawo rasit ɗin mai ta ce fetur ɗin da na nuna na saya ya fi ƙarfin wannan tafiyar nesa ba kusa ba, don haka ko littafin ƙarya ne ko rasit ɗin. Tunda kuma kamfani ya tsaya mani da wasiƙa, ƙa'ida ta tilasta mata ta rubuta wa kamfanin. Raina ya ɓaci sosai, amma ban ga laifinta ba, don da ni ne a kujerarta haka zan yi.

Wasiƙarta ta riga ni isa teburin Alhaji Mannir. Kuna buƙatar ku san yadda lokacin yake. Shekarun nan ne da hanyoyin yankinmu suka lalace saboda 'yan bindiga, kuma kowa ya san wasu jami'an fili suna zuwa garin da ke bakin kwalta su tsaya, su buga wa dillali waya, su rubuta rahoto kamar sun shiga ƙauye. Ban zarge su ba, rai ne. Amma ni ban taɓa yi ba. In aka ce hanya ba kyau sai in fasa in rubuta cewa na fasa, in an ce da sauƙi sai in tafi da hantsi in dawo kafin la'asar. Sau da yawa Hadiza ba ta iya cin abinci sai ta ji ƙarar motar a ƙofar gida.

Alhaji ya rufe ƙofar ofis, ya daɗe yana jujjuya takardar, sannan ya ce, “Malam Bishir, tsakanina da kai. Ko dai ba ka kaiwa?”

Wallahi da mari ya yi mani da ya fi sauƙi. Shekara tara muna tare. Na ce, “Alhaji, ni kake tambaya haka?”

Ya ce lambobi ne suke tambaya, ba shi ba. In mota ta yi hamsin inda ya kamata ta yi tamanin, ma'anarsa ta juyo a hanya. Sai ya sassauta murya ya ba ni mafita: in rubuta cewa na janye neman rangwamen, shi kuma ya ajiye maganar a aljihun tebur, babu wanda zai ji. In ba haka ba dole ya ba ni takardar tuhuma, kuma in ban kawo bayani ba zuwa ƙarshen wata, maganar za ta tafi hedikwata a matsayin rahoton ƙarya, wanda hukuncinsa kora ce.

Na ce, “In na janye, kai mi za ka riƙa gani duk ranar da na kawo maka rahoto?”

Ya mayar da idonsa kan takardar.

Na ce, “To ba ni takardar tuhumar, Alhaji. Ba zan janye ba.”

Daga nan kuɗin ya fita daga raina gaba ɗaya. Sunana nake nema. Kwana goma sha takwas suka rage mani, na fara da abin da na sani. Na bi masu unguwanni da arɗaɗen da na yi wa aiki, suka rubuta mani shaida. Wani Arɗo a yankin Sabuwa da ya ji dalili har sai da ya miƙe tsaye don fushi, ya ce a kawo manajan ya ƙirga shanun da na yi wa allura da kansa. Na kai wa Hajiya Rabi takardu goma sha ɗaya. Ta karanta duka, ta ce sun nuna na je a waɗannan ranakun, amma ba su gyara lamba ko ɗaya ba, kuma littafin layi ɗari biyu da wani abu ne. Na ce ko mitar ce ta lalace. Na kai gareji, bakanike ya kwance ya duba ya ce mitata lafiyarta ƙalau, har ya ƙara da cewa irin motocin nan mitarsu ba ta ƙarya. Na biya shi kuɗin da ya ƙara mani baƙin ciki na fito.

Saura kwana biyar na je Faskari kai magani. Da zan dawo, dillalinmu ya roƙe ni in rage wa mahaifinsa hanya zuwa Kankara, zai je ganin likitan ido. Sunansa Baba Ɗanlami, tsohon direban babbar mota ne da ya yi dakon auduga tun kafin a haife ni. Na buɗe masa gaba. Kafin in tayar da mota na ɗauko littafina na rubuta lambar mita, don ko ana tuhumata ban daina ba. Ya tambaye ni mi nake rubutawa, na ba shi labari a taƙaice, ba don ina sa ran komai ba, don dai abin ya cika mani ciki.

Baba mai surutu ne, kuma duk hanyar a kansa take. Yana ta nuna mani inda aka yi tsohuwar rumfar awon auduga, da inda motarsa ta taɓa kafewa kwana biyu. Can ya ce, “In mun kai gadar can, mil tara ke nan daga tasha. Da akwai dutsen mil a gefenta, an tumɓuke.”

Da muka hau gadar idona ya faɗa kan mita, na yi lissafi a zuciyata na cire lambar da na rubuta lokacin tashi. Tara daidai. Na yi dariya na ce, “Baba, ka canka, sai dai yanzu kilomita ake cewa. Kilomita tara.”

Ya juyo ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, “Kai Malam, kilomita tara ina? Kilomita tara ai tun wajen kukar can muka baro ta. Wannan mil tara ne, na bi ta da ƙafa ma ranar da mai ya ƙare mani. Tsaya in ga mitar taka.”

Na gangara gefe na tsaya. Ya sa tabarau, ya kusanto da fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashi. Ya ce, “Mi aka rubuta nan gefe?”

Na ce, “Mi.”

Ya ce, “Na ce mi aka rubuta?”

Na ce, “Baba, abin da aka rubuta ke nan, mi. Shi ya sa nake ce mata Bakatsiniya.”

Tsohon nan ya yi dariya har da tari, sai da na miƙa masa ruwa. Da ya sami numfashi ya ce, “Bakatsiniya! Wannan ai Ba'amurkiya ce. Mil take nufi, sun taƙaita ne. Can ƙasar har yau da mil suke ƙirga. Ka ga ƙananan lambobin nan na cikin agogon gudu? Su ne kilomita. Manyan mil ne. Mil biyar kilomita takwas ke nan, mu da aka canza daga mil zuwa kilomita a gabanmu mun haddace.”

Na kifa kaina a kan sitiyari. Hamsin da tamanin. Shan man da na yi ta zagin motar a kai. Sittin ɗin da Hadiza ta ce ba irin ta mutane ba ce, ashe kusan ɗari nake zabgawa da iyalina a ciki. Ni da na yi karatun difloma, nake koya wa mutane awon magani da sirinji, shekara uku abu yana gaban idona ina yin barkwanci da shi. Kunya da murna suka haɗu mani, ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Baba ya dafa kafaɗata ya ce mu tafi kada likita ya tashi.

Washegari da sassafe ina ƙofar ofishin haraji. Na yi wa Hajiya Rabi bayani, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Labarin ya yi daɗi, Malam Bishir, amma ba a sa labari a fayil.” Na ce motar tana waje. Ta dube ni, ta dubi agogo, ta kira wani abokin aikinta ya zo ya zama shaida. Ta leƙa ta ga haruffan da idonta. Sannan ta shiga baya, shi ya zauna gaba, ta buɗe taswirar da ke cikin wayarta mai auna nisa, ta ce in tuƙa. Muka miƙe kwalta har wayar ta nuna takwas, ta ce in tsaya. Abokin aikin ya duba mita ya ce biyar. Ta ce mu juya, a sake. Muka sake, biyar da takwas.

Da muka koma ofis ta ɗauko kalkuleta ta fara ninka lambobina da ɗaya da ɗigo shida, tana zaɓen layi daga ko'ina, na Fabrairu, na damina, na kaka. Kowanne ya faɗa kan jadawalinta. Inda ya ɗan zarce, sai ta duba gefe ta ga na rubuta cewa na yi zagaye don hanya ba kyau ko rafi ya cika. Ta haɗa jimilla ta kwatanta da rasit ɗin mai, suka dace. Sai ta ajiye kalkuletar ta ce wata magana da har yau nake riƙe da ita. Ta ce, “Da a ɗaki ka zauna ka ƙirƙira, babu lamba ɗaya tak da za ta gyara layi ɗari biyu. Kuskurenka iri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, don abin da ka gani ka rubuta.”

Amma fa ba ta ɗaga mani ƙafa ba. Ta ce kada in goge komai a tsohon littafin, in ja sabon gida na lambobi a gefe in juya kowane layi zuwa kilomita, in haɗa da hoton mitar da takardar bayani. Kwana biyu na yi ina wannan aikin. Ta kuma soke tafiya biyu da na je taron bita a Katsina, don kamfani ya riga ya biya kuɗin motar waɗannan daban. Ta yi daidai, ban yi musu ba. Abu ɗaya na roƙe ta, ta sake rubuta wa kamfani kamar yadda ta rubuta ta farko. Ta ce ko ban roƙa ba ƙa'ida ce.

Ranar ƙarshe ta wa'adi na shiga ofishin Alhaji Mannir na ajiye masa sabuwar wasiƙar Hajiya Rabi da littafin. Ya karanta sau biyu. Ya buɗe littafin yana bin sabon gidan da yatsa, ya tsaya a kan tafiye-tafiyen Sabuwa na watannin da kowa ya ƙi zuwa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, “Ashe kana kaiwa, har kana wucewa.” Ya jawo takardar tuhumar daga fayil ya yage ta a gabana. Na ce a'a Alhaji, tambayar da ka yi mani ba a takarda take ba. Ya gane. Ya miƙe ya zagayo tebur ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, “Ka yafe mani, Malam Bishir.” Na yafe, kuma har ya yi ritaya bai sake duban rahotona sau biyu ba.

Rangwamen ya fito bayan wasu watanni, ta hanyar rage harajin albashina na gaba. Kada ku tambaye ni nawa ne, don bai kai abin da na ƙona a mai wajen neman shaida ba. Hadiza ce ta fi kowa cin riba, don yanzu in ta ce in rage gudu ba ni da bakin magana.

Abin da na koya shi ne, masu duba takardunmu, ko na haraji ko na kamfani, ba su bi mu ƙauye ba, lambar da muka kawo ita kaɗai suke da ita. Saboda haka ku rubuta abin da idonku ya gani, a lokacin da ya gani, ko da ya zama kamar ku yake cuta. Ku ware tafiyar aiki daga ta gida. Kada ku gyara lamba don ta yi kyau, don gyararriyar lamba ba za ta cece ku ba ranar da aka tsare ku. Kuma in an ba ku mafita mai sauƙi da za ta bar zargi a kanku, ku yi tunani kafin ku karɓa.

Yanzu kafin a raba muku littattafan, kowa ya tashi ya je wurin motarsa ya duba gefen lambar mita. In ta tambaye ku mi, ku tsaya ku ba ta amsa. Tawa ta shekara uku tana tambaya ina yi mata dariya, saura kwana biyar ta ci mani aiki.